Injin bai ƙaru ba, gudun ya ƙaru: nazari kan Paula Radcliffe daga 1992 zuwa 2003

Ranar 13 ga Afrilu 2003, Paula Radcliffe 'yar Birtaniya ta kammala gudun fanfalaki na birnin Landan, kilomita 42.195, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, sabon tarihin duniya na mata. Idan aka rarraba, kowace kilomita ta ci mata minti 3 da daƙiƙa kusan 13, wato tana tafe a kan kilomita 18.7 a awa tun daga fari har ƙarshe. Sai da aka shekara 16 kafin wata mace ta kamo wannan lokaci.

Wanda ya kalli bidiyon tseren bai san ko wace ce ba, zai rantse ba za ta kai ba. Kai yana ta kaɗawa sama da ƙasa, fuska a yamutse, baki a buɗe, ga ɗan filasta manne a doron hanci. Kamannin mai shan wuya ne tsantsa. Amma na'urorin ɗakin gwaji wani labari suka bayar daban, kuma sa'ar da aka yi ita ce akwai wanda ya riƙa rubuta labarin. Andrew Jones, masanin aikin gaɓoɓin jiki wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Exeter, ya fara auna ta tun tana budurwa a farkon shekarun 1990, ya ci gaba har ta kafa tarihi, sannan ya wallafa sakamakon a 2006. Ba kasafai ake samun zakaran duniya da aka bi diddigin jikinsa fiye da shekara goma a hannun mutum ɗaya ba. Shi ya sa lamarinta ya dace da nazari.

Wace ce, kuma daga ina ta taso

An haife ta a Disamba 1973. Tana da shekara 12 ta shiga gasar ratsa daji ta ƙasa ta zo ta 299. Da shekara ta zagayo ta zo ta huɗu. Tana da 14 aka tabbatar tana da asmar da motsa jiki ke tayarwa, bayan ta taɓa suma a wajen atisaye. A 1992 ta ci gasar ratsa daji ta duniya ta matasa a Boston, cikin dusar ƙanƙara. Daga nan sai aka shiga shekarun takaici: ta ja tseren mita 10,000 kusan daga farko, a zagayen ƙarshe a wuce ta. Haka ta zo ta biyu a gasar duniya ta 1999 a bayan Gete Wami ta Habasha, haka ta zo ta huɗu a Olamfik na Sidni a 2000. Ba ta da zafin gudun ƙarshe. Sai a 2002 ta koma fanfalaki, inda ba a bukatar wannan sosai, ta ci Landan a gwajinta na farko, ta kafa tarihin duniya a Shikago da 2:17:18 a watan Oktoban shekarar.

Abin da ake aunawa

Ɗan tsere yana hawa injin gudu, a ɗaure masa takunkumi mai bututu a baki, na'ura tana lissafa iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Bambancin ne ke nuna yawan oksijin da jikinsa ya ƙona. Akan ɗan ɗaga injin da kashi 1 cikin 100 domin ya maye gurbin turjiyar iskar da ake fuskanta a titi. Jones ɗin ne da abokin aikinsa Jonathan Doust suka tabbatar da wannan dabara a 1996.

Abu uku ake nema. Na farko shi ne rufin oksijin, mafi yawan abin da jiki zai iya sha a minti ɗaya komai matsin da aka yi masa, wanda masana ke rubutawa VO2max. Na biyu shi ne kason wannan rufi da mutum zai iya riƙewa na dogon lokaci kafin laktet, sinadarin da tsoka ke fitarwa idan aiki ya tsananta, ya fara taruwa a jini. Na uku shi ne tattalin gudu: mililita nawa na oksijin kowane kilo na jiki ke ci kafin a cinye kilomita ɗaya. Likita Michael Joyner ya haɗa ukun nan a lissafi guda a 1991, har ya yi hasashen cewa namiji mai cikakken rabo a dukkansu zai iya gama fanfalaki a 1:57:58.

Na farkon ne ya fi suna, don shi ne mai daɗin faɗa. Amma tun da daɗewa an san ba shi kaɗai ke magana ba. Derek Clayton na Ostireliya, wanda ya gama fanfalaki a 2:08:33 a 1969, rufinsa bai cika mililita 70 ga kowane kilo a minti ba, alhali akwai masu 80 da 'yan kai da ba su taɓa jin ƙamshin lokacinsa ba. A 1980 masu bincike Conley da Krahenbuhl suka gwada ƙwararrun 'yan tsere 12 masu rufi kusan ɗaya, suka tarar tattali ne ya bayyana kusan kashi 65 cikin 100 na bambancin lokutansu a kilomita 10.

Alƙaluman Radcliffe

Tana da shekara 18 rufinta ya riga ya kai wajen mililita 70 ga kowane kilo a minti. Wannan babban adadi ne ga mace, kuma a lokacin abin da take gudu a mako bai kai kilomita 50 ba. Shekara 11 bayan haka, lokacin da makonta na shirin fanfalaki ke haura kilomita 190, aka sake aunawa: yana nan wajen 70. Ya ɗan hau ya ɗan sauka a tsakani, amma bai tafi ko'ina ba. Atisayen ya ninka har sau huɗu, injin jikinta, wato rufin, yana yadda yake.

Tattalin ne ya motsa. A gudun kilomita 16 a awa, tana cin kimanin mililita 205 ga kowane kilo a kowace kilomita a 1992. Zuwa 2003 ya sauko wajen 175, ragin kusan kashi 15 cikin 100. Kuma ba dare ɗaya ya sauko ba, kaɗan-kaɗan ne shekara bayan shekara. Saurin da take kaiwa idan ta taɓo rufinta ya tashi daga kilomita 20.5 zuwa 23.5 a awa. Saurin da laktet ke fara taruwa ya tashi daga wajen 14 ko 15 zuwa wajen 18.

Bari mu yi lissafin da kanmu, tare da tuna cewa an auna tattalin a kan 16 ne, mu kuma za mu ɗora shi a kan 18.7. Mai cin 205 a kilomita, idan za ta yi gudun tarihin nan, tana bukatar kusan mililita 64 a minti, kashi 91 cikin 100 na rufinta. Da wuya a samu mai riƙe wannan har awa biyu da kwata. Mai cin 175 kuwa 54 da rabi take bukata, kashi 78 cikin 100, wanda yake cikin abin da ƙwararre ke iya jurewa. Mace ɗaya, huhu ɗaya, zuciya ɗaya. Da nauyinta na kimanin kilo 54, bambancin ya kai lita 68 na oksijin a tsawon tseren, kwatankwacin kalori 340. A tseren da mutane ke durƙushewa bayan kilomita 30 saboda ajiyar sukarin tsoka ta ƙare, wannan ba ƙaramin guzuri ba ne.

Daga ina ragin ya fito

Ƙafa ce wurin farko da za a duba. Jijiyar agara da bakan tafin ƙafa suna aiki kamar sifirin: su miƙe idan ƙafa ta dira, su maido da ƙarfin idan za ta tashi, kuma wannan maidowar kyauta ce, ba ta cin oksijin. Binciken Ker da abokansa na 1987 ya ƙiyasta agara na maido da wajen kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku, bakan ƙafa kuma wajen 17. Sifiri mai tauri ya fi saki-saki maidowa. A bayanan Jones, tsallen Radcliffe daga tsaye ya ƙaru daga santimita 29 a 1996 zuwa 38 a 2003, bayan ta rungumi ɗaga ƙarfe da atisayen tsalle-tsalle, yayin da iya lanƙwasawarta ta taɓo yatsun ƙafa ta ɗan ragu. Abin da malaman motsa jiki na da za su kira koma-baya, a nan alama ce ta ƙafa da ta zama sifiri.

Sai kuma yawan kilomitocin kansu. Shekaru na maimaita taku iri ɗaya suna koya wa ƙwaƙwalwa ta daina kiran tsokokin da ba a bukata, ta kuma daina sa tsoka biyu masu adawa su ja lokaci guda. Ba a ganin wannan da ido. Nan ne kaɗa kan nata ke yaudarar mai kallo: kai da wuya ba su da nauyin da zai taɓa lissafin oksijin sosai, aikin yana daga ƙugu zuwa ƙasa. A ganina kociyan da ya ɓata shekaru yana gyara mata wuya da ya yi aikin banza, watakila ma ya yi ɓarna, domin an sha nunawa cewa tilasta wa gogaggen ɗan tsere sauya takunsa kan ƙara masa cin oksijin, aƙalla a farko.

Numfashi ma yana da nasa kuɗin

A nan nake so in daɗe, don nan ne aka fi yin sakaci. Adadin nan na 205 ko 175 jimla ce ta jiki gaba ɗaya. Na'urar ba ta ware na ƙafa daban, na zuciya daban, na ƙirji daban. Tsokokin numfashi kuwa, wato faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, da na tsakanin haƙarƙari, da na ciki masu matso iska waje, su ma oksijin suke ci kamar kowace tsoka.

Mutum a zaune yana juya iska wajen lita 6 a minti, kuɗin aikin bai wuce kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗinsa ba. A tsananin gudu iskar kan haura lita 100, manyan maza ma su doshi 200. Matsalar ita ce kuɗin ba ya hawa daidai da yawan iskar, ninkawa yake yi, domin tura iska da sauri ta cikin siraran bututu yana ƙara wuya ne a kowane mataki. Binciken da aka yi a ɗakin gwajin Jerome Dempsey na Jami'ar Wisconsin a shekarun 1990 ya nuna cewa a ƙurewar ƙarfi tsokokin numfashi na cin wajen kashi 10 cikin 100 a jikin mai matsakaicin horo, su kai 15 ko 16 a jikin ƙwararre. Wato wanda ya fi horo shi ya fi biya, saboda zuciya da tsoka suna girma da atisaye, amma huhu da hanyoyin iska kusan yadda aka halicce su suke zama.

A wannan ɗakin ne Craig Harms da abokansa suka yi gwajin da ya fi burge ni. Suka ɗora ƙwararrun 'yan keke a kan aiki mai tsanani, suka haɗa su da na'urar da ke ɗauke wa ƙirji wani kaso na wahalar shaƙa. Jinin da ke zuwa ƙafafu ya ƙaru. Da suka juya abin suka ƙara wa numfashin nauyi, jinin ƙafa ya ragu. A gwaji na gaba, sauƙaƙa numfashi ya tsawaita juriya da wajen kashi 14 cikin 100, tsananta shi ya rage ta da kusan haka. Bayanin shi ne, idan tsokar numfashi ta fara gajiya sai ta aika saƙo, jiki ya tsuke hanyoyin jinin ƙafa ya karkatar da jinin zuwa ƙirji. Jiki ya san abin da ya fi muhimmanci. Gara ƙafa ta tsaya da numfashi ya tsaya. Ɗan tseren kuwa abin da zai ce shi ne ƙafafunsa sun mutu, bai san daga ƙirji aka yanke musu abinci ba.

Wannan karkatarwa ta fi bayyana idan aiki ya haura wajen kashi 85 cikin 100 na rufi kuma aka daɗe a kai. Yanzu a koma lissafinmu na baya. Radcliffe ta 1992, a kan kashi 91, tana tsakiyar wannan yanki. Radcliffe ta 2003, a kan 78, tana ƙasansa. Kuma tun da kowace lita ta oksijin tana bukatar a juya iska wajen lita 25 zuwa 30, ragin rabin lita a minti yana nufin an sauke wa ƙirji aƙalla lita 13 zuwa 15 na iska a kowane minti, daga can saman inda kowace lita ta fi tsada. Abin ya zama zagaye: ƙafa ta yi tattali, bukatar iska ta ragu, ƙirji ya rage cinsa, jimlar tattalin ta sake gyaruwa. Wani bincike da Franch da abokansa suka yi a Denmak a 1998 ya ga haka a fili, inda 'yan tseren da tattalinsu ya fi gyaruwa bayan makonnin horo su ne waɗanda yawan iskar da suke juyawa ya fi raguwa.

Ga mace batun ya fi nauyi. Ko da girman huhu ɗaya ne, manyan hanyoyin iskar mace sun fi na namiji ƙanƙanta a matsakaici, kamar yadda ayyukan William Sheel da ɗalibansa a Kanada suka nuna. Saboda haka a yawan iska ɗaya mace ta fi biyan kuɗin numfashi, kuma ta fi saurin kaiwa inda ƙara matsa ƙirji ba ya ƙara fitar iska.

Asma a cikin lissafin

Asmar motsa jiki daga bushewa take farawa. Iska mai yawa tana wucewa da sauri, ta kwashe danshin da ke shimfiɗe a bangon hanyoyin iska, sai ƙwayoyin wurin su saki sinadaran kumburi, tsokar da ta zagaye bututun ta tsuke. Iska mai sanyi da bushewa ta fi tayar da ita, haka ƙurar furanni da hayaƙi. Bututu kuwa idan ya ɗan tsuke, turjiyarsa ba ɗan ƙaruwa take yi ba, tsalle take yi. Mai asmar da ba a kula da ita ba yana biyan harajin numfashi fiye da kowa a filin.

Ba baƙon abu ba ne a wannan fage. Alƙaluman kwamitin Olamfik sun nuna wajen kashi 8 cikin 100 na 'yan wasan Olamfik na da asma ko makamanciyarta, kuma ta fi yawa a masu ninkaya da masu tseren ƙanƙara da masu dogon zango. Radcliffe ba ta ɓoye tata ba, ta sha faɗin cewa tana amfani da maganin shaƙa na rigakafi da na buɗe ƙirji. Akwai masu ɗaukar wannan a matsayin wata fifiko ta bayan fage. Gwaje-gwaje da dama sun nuna shaƙar salbutamol, maganin buɗe ƙirji, a ƙa'idar likita ba ta ƙara wa mai lafiyayyen huhu juriya, kuma tun 2010 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta halatta shaƙarsa har zuwa maikirogiram 1,600 a awa 24. Abin da maganin ke yi shi ne ya mayar da mai asma inda sauran suke. Ɗumama jiki ma yana taimakawa: gajerun gudu masu zafi kafin tsere kan sa hanyoyin iska su yi sanyin tsukewa na awa ɗaya zuwa biyu a wasu daga cikin masu ciwon.

Filastar hancin fa? A nan hukuncina gajere ne. Da zarar iska ta kai wajen lita 35 zuwa 40 a minti mutum ke buɗe baki da kansa, kuma a gudun fanfalaki ta baki mafi yawan iskar ke shiga. Binciken da aka yi kan irin wannan filasta galibi bai ga wani ƙarin oksijin ko sauri ba. In ta sa ta jin daɗi, shi ke nan, ba ta cutar da kowa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙidayarta. Ta sha bayyana cewa idan tsere ya yi zafi takan ƙirga daga 1 zuwa 100 sau uku, ta san mil ɗaya ya wuce. A saurin ranar Landan mil ɗaya minti 5 ne da daƙiƙa 10, wato ƙirga 58 ke nan a minti, adadin da ya yi kusa da yawan numfashin mai gudu mai tsanani. Dennis Bramble da David Carrier sun nuna a 1983 cewa dabbobi masu ƙafa huɗu idan suna sukuwa a ɗaure suke da numfashi ɗaya ga kowane tsalle, amma ɗan Adam da yake a tsaye yake gudu yana da zaɓi, kuma gogaggu kan daidaita numfashi da taku ba tare da sun yi niyya ba. Tsayayyen kari irin wannan yana hana gajeren haki na firgici, wanda ke ɓata iska a maƙogwaro ba ta isa can cikin huhu ba. Ita dai dabarar tattara hankali ta kira shi.

Inda lamarin ya tsaya

Mutum ɗaya ne aka bi, babu wata Radcliffe ta biyu da aka hana ɗaga ƙarfe ko zaman atisaye a tsaunin Font-Romeu na Faransa don a kwatanta. Sannan maza biyu 'yan Kenya sun raka ta a tseren na 2003, abin da ya jawo muhawara a 2011 lokacin da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta so raba tarihin mata zalla da na tseren gauraye, kafin ta bar mata kambunta.

Haka kuma 175 adadi ne na jiki mai hutu a ɗaki mai sanyi. A titi tattali yana lalacewa yayin da tsere ke tsawo: sifirin ƙafa ya saki, jiki ya koma ƙona kitse wanda ya fi sukari cin oksijin, zafi ya hau, numfashi ya ƙara sauri. Jones da kansa ya dawo a 'yan shekarun nan yana cewa juriyar waɗannan alƙaluma ga gajiya ita ce ma'auni na huɗu da lissafin Joyner bai ƙunsa ba. A Olamfik na Atina a Agusta 2004, cikin zafi mai tsanani, da raunin ƙafa da cikin da maganin kumburi ya ɓata, mai tattalin nan ta zauna a bakin titi wajen kilomita 36 tana kuka. Shekara ɗaya bayan haka ta ci gasar duniya a Helsinki da 2:20:57.

Tarihinta na Landan ya faɗi ranar 13 ga Oktoba 2019 a Shikago, inda Brigid Kosgei ta Kenya ta yi 2:14:04, ta rage daƙiƙa 81, kusan kashi 1 cikin 100. Tana sanye da takalmin Nike na jerin Vaporfly, mai kumfa mai maido da ƙarfi da farantin kabon a ciki, wanda gwajin Jami'ar Colorado ya nuna samfurinsa na farko na rage cin oksijin da wajen kashi 4 cikin 100, fiye da rubu'in abin da Radcliffe ta tara a shekara 11. Radcliffe tana wajen layin ƙarshe a ranar, ta je ta taya ta murna, aka ɗauke su hoto tare.